Wa Ke Sa Wa Motar Dikko Giya?

Assalamu alaikum, Malam Kalilu.

Don Allah ka taimake ni da shawara, kada takardata ta ƙare a kwandon shara. Abin da ke damuna ban iya faɗa wa kowa shi a Birnin Kebbi, don in na faɗa, ko a yi mini dariya ko a fara kallona kamar wanda kansa ya taɓu. Ni ma'aikacin gona ne na gwamnati, ina zaune Gwadangaji da matata, aikina kuma yakan kai ni Argungu kusan kowane mako wajen manoman shinkafa. Ina roƙo ka ɓoye sunana.

Muna da wata majalisa ta masu son mota. Bayan la'asar muke haɗuwa ƙarƙashin wani dogon yaro, kowa ya jera tasa. Ba masu hali ba ne mu, 'yan albashi ne, abin da ya haɗa mu shi ne son ƙananan motocin nan masu yankakken baya, waɗanda murfin but ɗinsu ke ɗagawa sama tare da gilashi, marasa nauyi, masu zafin tashi. Manyan gari na ganinsu kayan wasan yara, su dai a ba su Fijo doguwa su kishingiɗa a baya. Mu ko sai mu samo tsofaffin mujallun Turai mu yi ta musu kan Golf da Civic da Starlet, wacce ta fi shan kwana, wacce ta fi daɗin kuka. Amma musun da bai taɓa mutuwa ba shi ne na giya, ta hannu ko otomatik.

Ni kaɗai ne ɗan otomatik a majalisar. Tun ina saurayi babur ya kayar da ni a gaɓar fadama, gwiwata ta hagu ta sage, ba ni iya taka kuloci da ita sai da azaba. To kullum ni anka tasa gaba. Wanda ya fi kowa tasa ni gaba shi ne Dikko, malamin makaranta, abokina tun muna 'yan firamare. Shina da wata ja mai ƙofa ukku, giya biyar. Ba zan faɗi ƙirarta ba, don irinta ba su da yawa a garin, za a gane ni. Dikko yakan ce wanda bai sa giya da hannunsa ba, ba tuƙi yake ba, ɗaukarsa anka yi kamar buhun gero. Ni kuma in ce masa mota an yi ta ne don ta hutar da mutum, ba don ya yi ta dama fura da sanda ba. Haka muke har a kira magariba, sannan ya ce in bar tawa in shigo tasa ya nuna mini yadda maza ke yi. Na zauna gefensa ya fi a ƙirga.

Shina da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. In zai sauko da giya, sai ya ba ta wuta sau biyu a jere, fuu-fuu, kafin ya saki kuloci. Kulocin kuma na da wani ɗan kuka siriri kamar ƙofar langa-langa, ya hana a ɗiga masa mai, wai da shi motar ke gaishe shi. Ya taɓa ce mini cikin raha ko bayan ransa motarsa ba ta yarda a tuƙa ta da ƙafa guda. Munka yi dariya.

Bazarar da ta wuce sanƙarau ya shigo gari. Dikko ya kwanta farkon mako, kafin Juma'a mun kai shi makwancinsa. Bai yi aure ba. Da anka zo rabon gado, mahaifiyarsa Inna Adama ta ce in dai sayar da motar za a yi, ita ta fi son ta gan ta a hannuna. Ban iya ce mata a'a ba, kuma gaskiya raina na so. Na sayar da tawa na karɓe ta. Amma ga gwiwa. Sai wani bakanike, Usmanu, ya samo mini giyabos na otomatik a Sakkwato daga wata mota irinta da ta yi haɗari, ya kwance na Dikko ya ɗaura wanga, ya cire kulocin gaba ɗaya. Ranar da na kai ta majalisa ba wanda ya yi mini barka. Malami, wanda shi ma na hannun daman Dikko ne, ya leƙa ciki ya ga feda biyu, ya ce na cire mata zuciya na sa mata ta tunkiya. Tun daga nan na rage zuwa.

Da farko lafiya lau. Abin ya fara ne da faɗuwar damina, wata safiya ina kan hanyar Argungu ni kaɗai. Akwai wani gangare bayan an wuce Ambursa inda hanya ke sauka wajen fadama. Ina isa nan sai na ji fuu-fuu, motar ta sauko da giya. Malam, na shekara da shekaru ina tuƙa otomatik, na san yadda take sauya giya, a hankali take yi kamar mai haɗiyar yawu. Wagga ba haka ba ce. Hannun Dikko ne, ko cikin barci anka tashe ni na san shi. Na ce wa kaina kunnena ne. A dawowa ta sake, a daidai wurin.

Mako na gaba sai ga kukan kulocin. Ƙiiit, sannan fuu-fuu. Na tsaya gefen hanya da rana tsaka na durƙusa na leƙa ƙarƙashin sitiyari, babu komai nan sai ramin da anka toshe da roba. Na tafi garejin Usmanu na ce ya nuna mini fedar da ya cire. Ga ta can rataye a ƙusa, ta fara tsatsa. Ya karɓi makulli ya zaga gari da ita har Badariya ya dawo, ya ce motata ƙalau take. Ban gaya masa abin da nake ji ba. Wani abin kuma, sau da yawa in na fito da sassafe, sanyin damina ya kama sitiyari da kujeru, in na ɗora hannu kan sandar giya sai in ji ta da ɗumi, irin ɗumin abin da wani ya daɗe riƙe da shi ya saki yanzu.

Sannan na lura akwai wata mararraba kafin a shiga Argungu, inda wata 'yar hanyar ƙasa ke gangarawa Tungar Arzika ta bakin gulbi. Duk na zo nan sai motar ta yi ta rage gudu tana neman gefe, sai na matsa mata. Ran nan, ranar kasuwar Argungu, na gaji na ce bari in ga iyakarta. Na sassauta. Ta gangara ta tsaya cak ƙarƙashin wata kanya. Akwai wata tsohuwa zaune gindin itacen da kwandon bandar kifi, idanunta sun yi fari da yana. Ban gama tsayawa ba ta miƙe tana murmushi, tana cewa ai tun daga nesa ta gane kukan motar ɗanta, ina ya shige haka tun bazara.

Sunanta Kulu. Ashe Dikko ya daɗe shina ɗaukarta zuwa kasuwa duk ranar da ya bi ta nan, bai taɓa gaya wa kowa ba, ni ma ban sani ba. Ba wanda ya kai mata labarin rasuwarsa. Ni na gaya mata. Ta zauna ƙasa ta yi ta salati tana share ido da bakin zane. Da ta natsa na ce ta zo in kai ta. Na sa kwandon a but, na buɗe mata ƙofar gaba na ce bismillah. Sai ta tsaya, ta ƙura wa kujerar farin idon nan nata, ta juyo ta ce mini:

"To wanga da ka zaune fa? Cinyatai zan hau? Ce mai shi ɗan gusa in wuce baya."

Malam, ba kowa a kujerar. Ko hula ban aje ba. Ka san mota mai ƙofa ukku, sai an kwantar da kujerar gaba ake shiga baya. Na kama maɗaurin na ja, ya ƙi, kamar da nauyi a kai. Na sake ja ya ƙi. Ban san lokacin da bakina ya ce "gafara dai" ba, sai kujerar ta kwanta salin-alin. Tsohuwa ta shiga. Har munka isa kasuwa tana ba da labarin kirkin Dikko, wani lokaci ta fuskance ni, wani lokaci ta fuskanci kujerar. Da za ta sauka ta sa mini albarka, ta juya ta sa wa abokin tafiyata, ta ce shi dai bai da yawan magana.

Akwai kuma ranar da nake bayan wata babbar mota mai ɗauke da albasa. Na leƙa na ga hanya fes, na fito zan wuce, na taka totur. Maimakon ta zabura sai ta yi fuu-fuu ta riƙe kanta kamar dokin da anka ja wa linzami. Dole na koma baya. Ban gama komawa ba sai ga ayarin raƙuma ya ɓullo daga bayan kwana, ya cika hannun da zan bi. Har yau ban sani ba, cetona anka yi ko nuna mini anka yi ba ni ke da iko da motar ba.

Matata Jamilatu na da tsohon ciki, na fari, iyayenta kuma Argungu suke, can za ta haihu. Sau ɗaya na ɗauke ta a wagga hanya. Tun a gangaren nan ta ƙura wa ƙafafuna ido. Da munka isa ta ce mini duk lokacin da motar ta yi wannan kuka, ƙafata ta hagu, wadda ba ta lanƙwasuwa, tana ɗagawa ta taka wurin da babu komai, sumul kamar ta mai lafiya, ni kuma ina kallon hanya ban sani ba. Ta rantse ba ta ƙara shiga. Ga lokacin kai ta gida ya matso, mahaifiyarta har ta aiko.

Yanzu wani yaro sabon malami ya nace shina son motar. Zuciya na ce mini in sayar masa in yi shiru. Malami na majalisarmu kuma ya aiko cewa in na gaji da ita in mayar mata da giyarta ta asali shi zai karɓa. Inna Adama kuma duk na je gaishe ta sai ta ce in bar injin a kunne, ta zauna bakin zaure tana saurare. Da wane baki zan ce mata na rabu da ita? Wani ya nuna mini wani mai magani a ƙauye, ban je ba tukuna. Ba ni cin abinci sosai, kuma na kai ga in zan shiga motar sai na yi sallama. Malam, mi zan yi?

Naka cikin damuwa,
Mai Tuƙi Da Ƙafa Guda, Gwadangaji.

*

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa.

Allah ya jiƙan Dikko, ya sa kirkin da ya ɓoye ya tarar da shi. Takardarka ba ta ba ni dariya ba, kuma ban ga alamar taɓin hankali a cikinta ba. Na ga mutumin da aka raba da abokinsa cikin 'yan kwanaki, bai samu ya yi kukansa ba.

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Jamilatu ta riga ta yanke hukunci, kuma daidai ta yanke. Ka nemi wata mota, ta ɗan'uwa ko ta haya, ka kai ta wurin iyayenta cikin makon nan. Ko aljani ne a motarka, ko waya ce ta kwance, ko kai ne hankalinka ke tafiya, duk ɗaya ne ga mai tsohon ciki. Motar da ta ƙi jin totur a gefen babbar mota ba ta ɗaukar iyali ba ce sai an gano dalili.

Na biyu, Dikko ba ya cikin motar nan. Wanda ya rasu ya tafi inda ba a dawowa sa giya, wannan shi muka sani a addini, ka riƙe shi da kyau. Ba na musun akwai halittun da ba ma gani, amma kafin a kai ga nan akwai ƙofofi da yawa da ba ka ƙwanƙwasa ba. Na kai takardarka, ba tare da suna ba, wurin wani da ya san otomatik. Ya ce giyabos ɗin da aka ciro daga motar da ta yi haɗari aka dasa a wata, in ba a daidaita wayar da ke haɗa shi da totur ba, yakan yi ta sauka da hawa a gangare, yakan kuma shaƙe daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Zagayen cikin gari ba zai nuna wannan ba. Ya ce sau da yawa akan cire feda a manta da sifirin ɗinta a ciki, ya yi ta kuka shi kaɗai.

Shaidar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta matarka. Ka shekara da shekaru a gefen Dikko kana kallon ƙafafunsa, jikinka ya haddace tuƙinsa ba da saninka ba. In ƙafar hagu tana taka iska, me zai hana ta dama ta ba da wuta sau biyu? Tsohuwa kuma mai yana a ido, kujerun irin motocin nan suna da dogon matashin kai, a inuwar itace zai iya yi mata kama da mutum. Amma ba zan yi maka ƙaryar cewa na warware komai ba. Yadda ka tsaya a gindin kanyar nan ba ka san da Kulu ba, da ɗumin sandar giya da sassafe, ban da amsarsu. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne rashin amsa ba ya halatta zuwa wurin mai maganin nan. Zai ce ka kawo baƙin bunsuru, ka dawo da tsoro ninki biyu da raunin imani. Ka tsare addu'ar hawa abin hawa da azkar ɗinka na safe da yamma. Sallamar da kake yi wa kujera ka daina, ka mayar da ita addu'a ga mamacin.

Ga gwajin da nake so ka yi. Ka je ka sami Malami ka gaya masa komai, kamar yadda ka gaya mini. Haushin da ya ji ba na feda ba ne, shi ma abokinsa ya rasa. Ka ba shi makulli ya tuƙa ku zuwa Argungu da rana, kai ka zauna a kujerar gefe. In motar ta yi tafiyarta lafiya a hannunsa, to abin a jikinka yake, sai ka ga likita ka gaya masa batun rashin ci da wannan ƙafa, ka kuma huta da tuƙin doguwar hanya na ɗan lokaci. In ta yi masa abin da take yi maka, ku wuce da ita Sakkwato wurin masu aikin otomatik, kada ku tsaya gyaran a-taɓa-a-gani.

Batun sabon malamin nan, ka cire shi daga ranka. Sayar da abu a ɓoye aibinsa ha'inci ne, balle aibin da zai iya kashe ɗan mutane a hanya. In za ka sayar, ka faɗi duk abin da ka sani.

Kada kuma ka ɗauki sa otomatik a matsayin cin amanar Dikko. Kowace giya da ranarta. Ta hannu ba ta da shan mai, kowane bakanike ya san ta, in batir ya mutu a tura ta tashi. Otomatik kuwa rahama ce ga mai gwiwa irin taka. Musun majalisa wasa ne na abokai, ba wasiyya ba ce. Sai dai in an gyara, an gwada, zuciyarka ba ta kwanta ba, ka mayar mata da giyarta ka sayar wa Malami, ka nemi wata da ba ka san mai ita ba. Ƙarfe ne, bai kai ka rasa lafiyarka a kansa ba. Inna Adama ba ta bukatar jin labarin kujera. Ka ci gaba da zuwa gaishe ta, in motar ta koma hannun Malami ku riƙa zuwa tare, ta ji kukan injin ta kuma ga abokan ɗanta biyu maimakon ɗaya. Kulu kuma ku ɗauke ta a matsayin amanar majalisarku, duk wanda zai bi hanyar ranar kasuwa ya tsaya mata, da niyyar ladan ya kai ga Dikko.

Ka ci abinci, ɗan'uwa, akwai mai zuwa da zai bukaci uba mai ƙarfi. Allah ya sauki Jamilatu lafiya, ya raya abin da za a samu, ya tsare ku a hanya, ya sanyaya maka zuciya.

Malam Kalilu.